Kunkurun gidanmu da hunturun da ya kusa tafiya da shi

A gidanmu na gado da ke cikin birnin Zariya akwai wani kunkuru da ya girme ni. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya sayo shi daga hannun wani mafarauci tun bai wuce girman ƙoƙon shan fura ba. Yau idan ya kwanta a bakin madafa sai dai a ratse shi, domin sai ƙarti biyu ke iya ɗaga shi. Ba a taɓa raɗa masa suna ba, Tsoho kawai ake ce masa. Na san gidaje da dama da ke ajiye irinsa da imanin cewa yana kare gida daga sammu da mugun baki. Mahaifinmu bai yarda da wannan ba, shi dai yana sha'awar natsuwarsa ne. Amma akwai imani guda da muka yi tarayya da kowa a kansa, wato cewa kunkuru ba ya ciwo. A iya sanina ba a taɓa ware masa ko kwabo don magani ba, kuma ba a taɓa ajiye masa kaskon ruwa da sunan nasa ne ba.

Bayan damina, sa'ad da ake shirin bikin wata ƙanwata, muka yanke shawarar yi wa tsakar gida daɓen siminti. A gindin bishiyar lemo akwai wani rami mai zurfi da Tsoho ya shekara da shekaru yana haƙa, har magini ya ce ya fara yi wa tushen katanga barazana. Ni da bakina na ce a cike shi. Aka cike, aka shafe, gida ya yi fes, baƙi suka yaba. Tsoho ya koma kwana a lungun da ake jingine turmi, a kan siminti tsirara.

Da hunturu ya kankama a watan Disamba sai ya daina cin abinci. Ana zuba masa ɓawon kankana da ragowar kabeji, su yini a gabansa har su yanƙwane. Na yi wa Hajiya mahaifiyarmu maganar, ta ce, "Ku ƙyale shi, barcin sanyi yake yi. Da zafi ya shigo zai tashi." Na karɓi wannan bayani hannu bibbiyu, domin na sha karantawa cewa kunkuru na yin dogon barci a lokacin sanyi, kuma domin bayani ne da bai ɗora mini wani aiki ba. Muka yi kusan mako uku a haka.

'Yata mai shekara tara ce ta tona asirin. Wata safiya ta shigo da gudu ta ce, "Baba, Tsoho yana mura. Hancinsa yana kumfa." Na fita na durƙusa a gabansa, abin da rabona da yi tun ina yaro. Ƙananan kumfa suna fitowa daga ƙofofin hancinsa suna fashewa. Idanunsa sun kumbura, ɗaya a rufe ruf. Lokaci zuwa lokaci yakan miƙa wuya sama ya buɗe baki, ana jin wani ɗan sauti kamar fito. Da na taɓa ƙafarsa ta gaba, maimakon ya fizge ta ciki da ƙarfin nan da ya sha matse mana yatsu muna yara, sai ya janye ta a hankali kamar wanda aka tasa daga barci.

Abin da na fara yi shi ne abin da yawancinmu za su yi: na nufi shagon da muke sayen maganin awaki. Mai shagon ya saurare ni, ya ce tsutsar ciki ce, ya ɗauko kwalbar ivermectin, allurar nan da kowane mai kiwo ya sani, ya ce a yi masa daidai na babban rago. Na biya na fito. A bakin mota ne zuciyata ta raya mini in kira wani tsohon abokin karatuna da ya zama likitan dabbobi, don kawai in tambaye shi inda ake soka wa kunkuru allura.

"Malam, kada ka kuskura," in ji shi. "Wannan maganin guba ne ga kunkuru. Yana shanye musu jiki, su kasa numfashi, su mutu. Ka sa shi a mota ka kawo mini shi yanzu, kuma ka rufe gilashi."

Na tsaya a kan wannan ne domin ina jin shi ne abu mafi muhimmanci da zan faɗa a wannan shafi. Maganin da ke ceton akuya da saniya shi ne ajalin kunkuru da kififiya, kuma likitocin dabbobi sun daɗe da sanin haka. Mai shagon ba mugunta ya yi niyya ba, abin da ya sani ya faɗa. Da allurar ta shiga, da mun wayi gari mun ce kwanan Tsoho ne ya ƙare.

A asibiti likitan ya fara da ɗora shi a kan sikeli: kilo 38. Ya tambaye ni nawa yake a da, na rasa amsa. Ya buɗe bakinsa da dabara ya nuna mini majina mai yauƙi a maƙogwaro. Ya ce ciwon hanyar numfashi ne da ke gab da sauka cikin huhu. Sannan ya warware mini kuskuren da muka yi. Kunkurun da ke barcin sanyi na ƙasashe ne irin su Girka da Turkiyya da tsakiyar Asiya. Namu, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, ɗan Sahel ne, daga Senegal har zuwa Habasha, kuma bai san wannan barci ba. Dabararsa ita ce rami. A can ƙarƙashin ƙasa yake fakewa daga zafin rana, a can kuma yake samun ɗumi da ɗan danshi idan dare ya yi sanyi. Jikinsa ba ya samar da zafi da kansa kamar namu, daga waje yake aro. A daren hunturu a Zariya sanyi na iya sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka. Idan jikin kunkuru ya yi sanyi, narkar da abinci na tsayawa, garkuwar jiki ta yi rauni, ƙwayoyin cutar da a da yake iya dannewa su sami ƙofa. Ga ƙura a kan haka. Kuma kunkuru ba shi da tantanin nan da ke raba ƙirji da ciki, saboda haka ba ya iya yin tari ya fitar da majina. Abin da ya taru a huhunsa, can yake zama.

Bai ce da ni komai ba game da ramin da na sa aka cike. Ba sai ya faɗa ba.

Jinyar ta ɗauki lokaci. Allurar kashe ƙwayoyin cuta kwana bayan kwana har kusan mako uku. Da dare mu shigar da shi ɗaki mu shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa, da hantsi mu fito da shi rana inda iska ba ta bugawa. Kullum a zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi kaɗan na kimanin minti 20 zuwa 30, ruwan kada ya wuce haɓarsa, domin kunkurun tudu ba ya iyo. A nan na ga abin da ya ba ni kunya: ya tsoma kai ya yi ta sha kamar wanda ya fito daga sahara. Mu da muke cewa kunkuru ba ya shan ruwa. Sai a rana ta goma sha ɗaya ya ɗan yagi ganye. Likitan ya ce haka halittarsu take, komai nasu a hankali yake tafiya. Ciwo kan daɗe a ciki kafin ya nuna, waraka ma ta daɗe kafin ta zo. Duk ranar da mai gida ya ga alama da idonsa, to ciwon ya riga ya yi nisa.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To yaya za a yi da dabbar da fuskarta ɗaya ce ko tana cikin daɗi ko tana cikin azaba? Akuya na kuka, kaza na sauke fukafukai, kyanwa na ramewa a gani. Kunkuru ko ya rame, ƙoƙon bayansa yana nan yadda yake. Shi ya sa sikeli ya fi ido amfani a kansa, kuma shi ya sa likita ya ce in riƙa auna shi kowane wata ina rubutawa. Lafiyayyen kunkuru yana tafiya ne a kan ƙafafunsa huɗu cikinsa a ɗage daga ƙasa, hancinsa a bushe, idanunsa a buɗe suna sheƙi, kuma idan aka ɗaga shi a ji nauyi kamar dutse. Wanda ke jan ciki, ko idanunsa suka faɗa, ko aka ɗaga aka ji shi sakayau, yana buƙatar a duba shi.

Cikin zirga-zirgar da na yi ta yi zuwa asibiti na koyi wasu abubuwan da ban je nema ba. Farin abin nan mai kama da alli da kunkuru ke fitarwa tare da fitsari ba ciwo ba ne, hanyarsa ce ta zubar da dattin jiki ba tare da asarar ruwa ba. Idan yana da laushi kamar man goge baki, lafiya lau. Idan ya zama tsakuwa-tsakuwa, ƙishirwa ce ta yi yawa, kuma daga nan ne dutse ke taruwa a mafitsara, ciwon da wannan nau'in ya yi suna da shi, wanda wani lokaci sai an yi tiyata. Kunkurun da ke yunƙuri ba ya fitar da komai, ko dai dutsen ne, ko kuwa ya haɗiye leda ko yashi, kuma a tsakar gidajenmu leda ba ta yankewa. Idan mace ce, tana iya ɗaukar ƙwai ko da ba namiji a gidan, in ta rasa ƙasar da za ta haƙa sai ta riƙe su a ciki har su zame mata ciwo. Duk macen da aka ga tana kai da komo tana tonon siminti da ƙafafun baya, wurin nasa ƙwai take nema.

Sai batun abinci, inda a ganina muka fi zaluntarsu da sunan ƙauna. Wannan dabba makiyayiya ce kamar saniya, ciyawa ce abincinta, ɗanya da busasshiya, sai ɗan ganye. Tuwo da shinkafa da burodi da ake zuba mata suna cika ciki ne kawai. Ƙaramin kunkurun da aka rena a ɗaki ko a kwali, ba rana ba abincin kirki, ƙoƙonsa kan yi laushi har a danna ya lotsa, domin sai da hasken rana jikinsa ke iya amfani da sinadarin kalsiyam, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. Ƙoƙon nan kuwa ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne suka haɗe suka yi shi, da jini da jijiyoyi a ciki. Masu huda gefensa su ɗaura igiya, da masu shafa masa fenti, su san cewa yana ji. Idan mota ta taka shi ko kare ya cije shi ya tsage, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe kada ƙuda ya yi ƙwai a ciki, a nemi likita. A riƙa kuma duba matsematsin ƙafafu da gindin wutsiya saboda kaska. Wanda kififiya yake kiwo a baho, alamar ciwon huhu a wajenta ita ce ta riƙa iyo a karkace ko ta kasa nutsewa.

Akwai kuma abin da ya shafi lafiyarmu. Kunkuru, ko lafiyarsa ƙalau, yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsa, mai haddasa gudawa da zazzaɓi, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa. Hajiya ba ta ji daɗi ba da na hana jikokinta hawa bayansa da abinci a hannu, amma yanzu ita ce ke kora su wanke hannu da sabulu.

Na san wani zai ce, a ƙasar da mutane ke rasa kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro, wa ke ta kunkuru? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni ma na yi wa kaina ita sa'ad da nake biyan kuɗin allura. Amsata ita ce ba wanda ya tilasta mana ɗauko shi daga daji. A can yana da raminsa da ciyawarsa. Kuma dajin ma ya fara rasa su: tun a shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci, sannan a 2021 ƙungiyar IUCN ta sanya su cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa mutum ya tsaya a bakin titi ya sayi sabo ba. Wanda kuma ya riga ya mallaka, ya ɗauki nauyin da zai iya wuce tsawon ransa, domin suna haura shekara 70. Mai karatu zai iya tuna Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso da ya mutu a watan Oktoban 2019, wanda fadar ta ce ya shekara 344, ko da yake masana ba su gamsu da wannan lissafi ba. Likitocin da suka san hannunsu a kan irin waɗannan dabbobi ba su da yawa, amma asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri wurare ne da za a iya fara tambaya.

A ƙarshen watan Janairu na sake kiran maginin nan. Ya fasa simintin kusurwar gabas, nesa da katanga, faɗin taku huɗu, muka zuba jar ƙasa da yashi kaɗan. Hajiya ta tsaya tana kallo ta ce, "Kuɗin daɓe daban, kuɗin fasawa daban, duk a kan Tsoho." Kwana shida bai kula wurin ba. A na bakwai muka tashi muka tarar da tulin ƙasa a tsakar gida, ba a ganin komai nasa sai ƙafafun baya suna watso ta waje. Awon da na yi masa a farkon wannan watan ya nuna kilo 40.