Ciwon Ɓarin Kai: Ba Kullum Sai Ƙwaya Ba

Mu a Sanyinna ciwon ɓarin kai muke ce masa; Girkawa ma "rabin ƙoƙon kai" suka kira shi. A farkon shekarun 1970, masu bincike a cibiyar Menninger ta Amurka sun riƙa maƙala wa majinyaci na'urar auna ɗumi a yatsa, yana kallo yana koyon sassauta jiki har hannu ya ɗumama, ciwon wasu ya ragu.

Ko babu na'ura, a ganina manomi zai iya kishingiɗa a inuwa, ya ja numfashi sannu, ya saki kafaɗu da muƙamuƙi. Damuwata ita ce zaryar kemis: shan farasitamol kwana 15 kowane wata kan haifar da wani ciwon kan daban. Wanda ciwo mai tsanani ya far masa farat ɗaya kuwa, a garzaya da shi asibiti.