Ɗalibai da Darasin Ɗigon Ruwa

A ɗakin zane na sashen koyon tsara gine-gine na wata jami'a a Arewa, 'yan aji uku sun saba kwana kan tebur, kwali da gam da reza a gefe guda, kwamfuta a ɗaya gefen. Aikin wannan zangon shi ne bango da rufi da taga, wato duk abin da ya raba cikin gini da rana da ƙura da ruwan sama.

Malamai na koyar da lissafin a aji, amma lokaci-lokaci sukan gayyato ƙwararru daga gari, waɗanda suka daɗe suna kai-komo tsakanin ofis da wurin gini. Irin wannan baƙo ba ruwansa da hoto mai ƙyalli da ɗalibi ya fitar a kwamfuta. Zanen da ya tsaga ginin daga rufi har tushe yake nema. Sai ya ɗora alƙalami a kan kwano, ya ce mai zanen ya bi masa ɗigon ruwa ɗaya har ya kai ƙasa.

A nan baki ke mutuwa. Ɗigon ya gangaro bayan rawanin bulo da aka ɗaga don ɓoye kwano, kamar yadda ake yayi yanzu, ya faɗa kwatar da ƙurar hunturu da ganye suka toshe, ruwan farko kuwa sai ya tumbatsa ya huce kan silin. Ɗigon da ya bi ta taga ya tarar da dakalinta a shimfiɗe, ba gangare, ba tsagin da zai yanke shi daga ƙasa, don haka ya lallaɓa ya koma jikin bango. A gindin ginin ma an manta da ledar tare danshi, nan da damina biyu fenti zai kumbura, kanwa ta fito. Kusan duk yoyon da ake nuna musu a mahaɗa yake, inda kwano ya sadu da bulo ko ƙarfen taga ya sadu da filasta.

Sai batun zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, amma ba a rasa ɗalibin da ya jera gilashi tun daga sama har ƙasa yana fuskantar yamma, saboda ya ga irinsa a hotunan Dubai. In aka tambaye shi, amsar a shirye take: Yallaɓai, ai za a sa na'urar sanyaya ɗaki. Baƙon kan tambaye shi wa zai riƙa sayen man janareton. Daga nan a koma kan takarda, a juya ginin tsawonsa ya dubi kudu da arewa, a rage tagogin gabas da yamma, a miƙo baki ga rufi don inuwa, a bar wa iska hanya tsakanin kwano da silin.

Ranar da ɗalibai suka fi so ita ce ta fita cikin birni wurin magina. A can suke taɓa bangon tubali mai kauri a gindi, wanda ke shanye zafin rana ya hana shi shiga ɗaki sai dare. Su ga azarar giginya da gara ba ta cika ci ba, da makubar ɓawon ɗorawa, da indararon da ke cilla ruwa nesa da gindin bango. Su ji dalilin da ya sa aka fi kula da bangon gabas: daga can hadari ke tasowa. Ana ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Maginan ba sa ɓoye aibin sana'arsu. Ginin ƙasa na son yaɓe kafin damina, wanda aka yi wa sakaci kuwa a marka yake zubewa. Shafa masa siminti ma ba magani ba ne, domin yakan ɓamɓare ya tara ruwa a bayansa.

Matsalar ita ce duk wannan renon ya dogara ne ga kirkin baƙon da ya bar aikinsa ya zo. Akwai watannin sanin makamar aiki na SIWES, sai dai ɗalibai da dama a gaban kwamfutar ofis suke ƙarar da su, suna gyara zanen da wani ya yi. Kamfanoni da Ƙungiyar Masu Tsara Gine-gine ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1960, ya kamata su ɗauki abin a matsayin nauyi. Duk ofishin da ya karɓi ɗalibi, ya kai shi wurin gini ranar da ake kafa taga da ranar da ake ɗora kwano, ya kuma mayar da shi can a watan Agusta ya ga abin da ruwa ya yi.