Kafin Ka Biya Kuɗin Mota Mai Buɗaɗɗen Rufi

Ana saura kwana kaɗan Sallah wani yaron maƙwabcinmu a Limawa, cikin garin Minna, ya shigo layi da Peugeot 206 CC, irin wadda rufinta ke naɗewa ya shige but. Yara suka yanyame ta, ya danna maɓalli, rufi ya ɗaga ya lanƙwashe ya ɓace, aka yi ta tafi. Ya ce mini, "Baba, wallahi a ɓagas na same ta, ko kuɗin tsohuwar Corolla ba ta kai ba." Na ce masa Allah ya sa alheri, amma arahar ce ta fi ba ni tsoro. Ba a yi wata biyu ba rufin ya tsaya a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba, ga hadari ya haɗo. Da tamfol aka lulluɓe ta a daren nan.

Ba shi kaɗai ba ne. Irin waɗannan motoci suna ta shigowa hannun matasa: 206 CC da 307 CC na Peugeot, da Mercedes SLK na farko wanda aka fara fitarwa a 1996, da BMW E46, da Toyota Solara da aka daina ƙerawa a 2008. Kusan dukkansu sun kai ko sun haura shekara 18, wasu sun doshi 30. Dalilin da ya sa dillali ke sakin su da sauƙi shi ne masu hankalin kasuwa sun san akwai bashin gyara a jikinsu wanda mai ita na baya ya ƙi biya, kuma wanda ya saya shi zai biya.

Rufin nan da ke burge mutane inji ne mai zaman kansa. A galibinsu akwai famfo mai aiki da lantarki da ke tura wani mai na musamman ta siraran bututu zuwa silinda da dama, su ne ke ɗaga rufin su sauke shi. Akwai kuma ƙananan makunnai da ke shaida wa ƙwaƙwalwar mota cewa wannan sashe ya gama tafiya, na gaba ya tashi. Ɗaya daga ciki ya yi datti ko wayarsa ta karye, komai ya tsaya cak. Robobin da ke cikin silinda kuwa tsufa ke cin su, su fara yoyo, sai ka ga mai ya jiƙa kafet ɗin but ko yana ɗiga ta saman gilashin gaba. Masu SLK sun san wannan ciwo sarai. A nan ne wasu ke ƙara wa Borno dawaki: bakanike ya ga mai ya ragu, ya ɗauko man birki ya zuba. Man birki yana kumbura robobin ya lalata su gaba ɗaya, gyaran silinda guda ya koma na duka. Idan wani zai taɓa maka rufi, fara tambayarsa, "Oga, wane mai za ka zuba?" Amsar da ya ba ka ta isa ta nuna maka ko ya taɓa yin aikin.

Wani abu da zai iya cece ka daga kashe kuɗi a banza: a 206 CC da SLK akwai wani labule a cikin but da dole a ja shi a maƙale kafin rufi ya yarda ya motsa. An sha kai mota wajen rewaya a kan wannan kawai. Haka kuma raunin batir na tsayar da rufi a hanya, don haka kada a buɗe shi sai inji na aiki, kuma mota na tsaye a wuri mai daidaito.

Amma babban abokin gabar wannan mota a Minna ruwa ne, da taimakon rana da ƙura. An ƙera ta ne domin Turawa masu marmarin hasken rana na 'yan watanni. Mu a nan zafin Maris da Afrilu yana gasa robobin da ke toshe tsakanin rufi da gilashi har su bushe su tsage. Hunturu ya riga ya cika 'yan ƙananan magudanan da ke ɓoye a gefen rufi da ƙura. Sai damina ta sauka, wadda a nan takan ja har Oktoba, ruwa ya rasa hanyar fita, ya bi ta ciki ya kwanta ƙarƙashin kafet, inda wayoyi suke. Daga nan sai motar ta fara abin da mutane ke cewa aljanu: fitila ta kama da kanta, gilashi ya ƙi sauka, ƙofa ta kulle, da safe batir ya mutu. A Peugeot akwai akwatin lantarki da ake kira BSI wanda ke kula da yawancin waɗannan. In laima ta kama shi, ba a sayen wani a ɗaura kawai, sai an daidaita shi da makulli da ƙwaƙwalwar inji ta kwamfuta. Ka tuna kuma gidaje nawa ne a tsofaffin unguwanni irin Limawa ke da garejin da mota za ta kwana a inuwa. Mai rufin yadi, irin Solara da E46, tana da ƙarin damuwa: reza ɗaya ta ishi ɓarawo.

Sai ƙafa. Motar da aka cire wa rufi ta rasa abin da ke ɗaure jikinta ta sama, shi ya sa masu ƙira ke ƙara mata ƙarfe a ƙasa, ta yi nauyi fiye da 'yar uwarta mai rufi, ga ta kuma a duƙe. Wanda ya bi hanyar Minna zuwa Suleja ko ta Bida a shekarun da suka yi fama da ramuka ya san abin da ke jiran shokozoba da bushin da kaskon baƙin mai. Kowane rami yana murɗa jikin motar kaɗan, a hankali rufi ya daina zama daidai a mazauninsa, ya fara ƙara, ya fara yoyo.

Sauran cututtukan na tsufa ne da kowace tokumbo ke da su, sai dai kowace da nata. Giyar otomatik ta Peugeot mai suna AL4 ta yi ƙaurin suna wajen bugawa da maƙalewa a giya ta uku. Injin 206 da 307 na amfani da bel na taimin, in ya tsinke a guje sai ya lanƙwasa bawul, a sauke kan inji. Duk wanda ya sayi motar bai san ranar da aka sa bel ɗin ba, ya canza shi a makon farko. BMW E46 kuwa tankin ruwanta da wasu sassan sanyaya inji na roba ne, suna fashewa ba sallama, inji ya yi zafi ya ƙona gaskit.

Game da kuɗi, duk wanda ya yanke maka farashi tsayayye yaudararka yake, domin kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,500. Kayan da ke dala 200 a waje ya tashi daga kimanin naira 92,000 zuwa 300,000, ba a sa kuɗin kawowa da na aiki ba. Kuma bambancin da ke tsakanin wannan mota da 406 ko Corolla shi ne samuwa. Kayan inji da na ƙafa na 206 za ka iya samu a wajen kanikawan Keteren Gwari ba tare da ka bar gari ba, domin iri ɗaya ne da na 206 ta yau da kullum. Famfon rufi, da silinda, da robobi, da gilashin gefe na baya, nata ne ita kaɗai. Sai an buga waya Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, abin da za a aiko maka kuma an ciro shi ne daga wata tsohuwar da ta mutu, shekarunsa ɗaya da naka. Motar na iya yin makonni a gareji tana jiran roba guda.

In duk da haka ranka ya biya, to ba a cinikin biri a sama. Ka tafi da bakanikenka da rewayarka, ba na dillali ba. A buɗe rufi a rufe aƙalla sau biyar a jere a gabanka; in aka ce "ai fiyus ne kawai, Alhaji," ka ce a sa fiyus ɗin yanzu ka gani. A rufe ta, ka zauna a ciki, a yi mata wanka da bokiti ko tiyo na minti goma, ka bi gefen gilashi da hannu. Ɗaga kafet ka taɓa soson da ke ƙasa, ka leƙa ramin safaya taya, ka sunsuna. Warin rima ba ya ɓuya, kuma turaren da ya yi yawa a mota alama ce. Wadda ta fito daga Amurka, a duba tarihinta a intanet da lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, domin motocin da ambaliya ta nutsar a can, irin ta guguwar Harvey a 2017, da yawa gwanjonsu aka yi aka fitar da su ƙasashen waje. Wadda ta fito daga Turai ko Kanada a ɗaga ta a duba tsatsa, saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Takardun kwastam kuma a tantance su kafin kuɗi ya bar hannunka.

Wanda ya riga ya saya, ya riƙa wanke magudanan rufi kafin ruwan farko, ya shafa wa robobi man silikon, ban da baƙin mai ko basilin, ya hana masu wankin mota harba ruwa mai ƙarfi a bakin gilashi ko goge yadin da omo. Ya nemi yadda ake rufe rufin da hannu a littafin motar tun kafin ranar buƙata.

Shi yaron maƙwabcin namu, bayan sati uku ana jiran saƙo daga Kaduna, ya ce wa rewaya a rufe rufin a zare fiyus ɗinsa. Yanzu haka yake yawo da ita a rufe, da tsumma a ƙarƙashin kujera saboda ɗigon da ya rage.