FASHIN BAƘI: Abin da farantin abincin Legas ke faɗa game da Arewa

Baƙon da ya sauka Legas da niyyar ɗanɗana abincin birnin ba zai rasa inda zai nufa ba. Da safe akwai dafaffen wake mai yaji da ake kira ewa agoyin, wanda ake haɗawa da burodin Agege. Da rana rumfunan abinci na cika da masu cin amala da miyar ewedu da gbegiri. Da dare kuwa hayaƙin tsire ke tashi, tun daga Obalende har titin Allen a Ikeja, kuma akasarin masu tukubar Hausawa ne.

Sai dai yawancin abin da ke cikin tukwanen nan ba a Legas aka noma shi ba, domin ita ce jiha mafi ƙarancin faɗin ƙasa a Najeriya. Tumatir da attaruhu na zuwa ne daga Kano da Kaduna da Filato, albasa daga Sakkwato da Aliero ta Jihar Kebbi, shanu kuma daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari. Tirela kan ci kimanin kilomita 1,000 daga Kano kafin a sauke kayan gwari a kasuwar Mile 12. Shanu kuwa da dama a mayankar Oko-Oba ta Agege ake yanka su.

An ga girman wannan dogaro a 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairu, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta ƙasa ta dakatar da kai kaya Kudu. Cikin kwanaki farashin tumatir da nama ya tashi a Legas, yayin da a Arewa tumatir ya riƙa ruɓewa a kwanduna saboda babu mai saye. Ɓangarorin biyu duk sun ji a jika kafin a janye yajin a farkon Maris.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar sufuri. Zuwa Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari.

Duk da haka, tsadar da mai ci ke biya a Legas ba ta cika isa aljihun manomi ba. Kuɗin mota, harajin da ake karɓa a shingaye, da asarar kayan da ke lalacewa a hanya saboda rashin motocin sanyi su ke lashe ribar. Waɗannan kuwa al'amura ne da ke hannun gwamnatoci. Matashin da ke neman abin da zai tambayi ɗan takara yana iya farawa daga nan: shingaye nawa zai cire, kuma ina rumbunan sanyin da zai gina wa manoman tumatir?