Idan Wifi Ya Ƙi Aiki a Kan Linux: Matakan Gano Matsala

Ɗalibai da dama na ɗora Ubuntu ko Debian a kan tsofaffin kwamfutocin hannu, saboda kyauta ake samunsu, kuma Praat da ELAN na aiki a kansu. Sai dai wani lokaci, da an gama ɗorawa, wifi ya ɓace gaba ɗaya, ɗalibin da ke tsakiyar rubuta kundinsa ya ɗauka katin ne ya lalace. Galibi katin lafiyarsa lau. Abin da ya rasa shi ne tafinta, wato ƙaramar manhajar da ake kira direba, wadda ke isar da magana tsakanin katin da tsarin kwamfutar.

Mataki na farko shi ne a tabbatar kwamfutar na ganin katin. A buɗe tagar umarni a rubuta lspci -nnk, ko lsusb idan na sokawa ne. Amsar za ta nuna kamfanin da ya ƙera shi, kamar Intel, Realtek ko Broadcom. Idan layin "Kernel driver in use" bai fito a ƙarƙashin sunan katin ba, babu direban da ke riƙe da shi.

Na biyu, a duba ko rufe shi aka yi, da umarnin rfkill list. "Soft blocked: yes" na nufin manhaja ce ta rufe shi, kuma rfkill unblock wifi zai buɗe. "Hard blocked: yes" kuwa na nuni ga maɓalli a jikin kwamfutar, ko Fn da wani maɓalli, ko saitin BIOS; babu umarnin da zai warware wannan.

Na uku, sudo dmesg na nuna rahoton da tsarin ya rubuta lokacin tashi. Idan kalmar firmware ta zo tare da "failed", katin na neman wani fayil na kamfaninsa. Wannan ya daɗe yana wahalar da masu Debian, domin sai a fitowa ta 12, a shekarar 2023, aka fara saka irin waɗannan fayiloli cikin faifan ɗorawa na hukuma. Katunan Broadcom su ma sun yi suna wajen wannan. A Ubuntu ana samun direbansu a sashen "Pilotes additionnels". Idan an saka direban amma ya ƙi tashi, a duba ko Secure Boot ne ya hana shi.

Sauke direba na buƙatar intanet, alhali intanet ɗin ne ya yanke. Mafita ita ce a haɗa wayar salula da kwamfutar ta kebul na USB, a kunna raba intanet a wayar.

Rigakafi dai ya fi magani: kafin a goge tsohon tsari, a tayar da Linux daga kile USB a gwada wifi tukuna, a kuma kwafe rikodin muryoyi da babukan kundi zuwa wani wuri.