Tulun Ruwa a Hawan Mambila

Wanda ya taso daga Jalingo da niyyar zuwa Gembu, mafi yawan tafiyarsa ba ta da wani abin tayar da hankali. Zai wuce Bali, ya kai Serti inda babban ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, ga zafi, ga gajiya, amma ƙasa na nan kusa da taya ta kowane gefe. A Mayo Selbe ne hanya take sauya hali. Daga nan kwalta ke kama jikin dutse tana nannaɗe shi, kwana na bin kwana, dutse a wannan hannu, kwazazzabo a wancan, har a ɓulla Maisamari a saman tudun Mambila, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku. A wannan tsakanin ne Hawan Biyu da Sisi yake, wanda ko waɗanda ba su taɓa taka jihar Taraba ba sun sha jin labarinsa a tasha.

Mafi yawanmu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka tashi. Daga Kano zuwa Katsina, daga Sakkwato zuwa Maraɗi, ido na tafiya har inda ya gaji bai gamu da rami ba. Shi ya sa za ka ga direban da ya shekara da shekaru yana ratsa cunkoson birni ko gezau, amma da motarsa ta fara hawa ya hango kan itatuwa a ƙarƙashinsa, sai tafin hannunsa ya jiƙe, bakinsa ya bushe, ƙafarsa ta kama rawa a kan totur. Wani jiri yake ji. Wani kuma ji yake kamar ramin na jan motar. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ba shi da alaƙa da ragwantaka ko rashin iya tuƙi. Wani bincike da likitocin jijiyoyi suka wallafa a Jamus a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 28 cikin ɗari na manya suna jin irin wannan rashin natsuwa idan suka leƙa ƙasa daga wuri mai bisa. Ke nan a motar haya mai cike da fasinja, da wuya a rasa masu fama da shi, sun dai yi shiru ne.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗebo ruwa daga rijiya ko rafi ya ga yadda yarinya ke koyon ɗaukar tulu, kuma a ganina babu abin da ya fi wannan bayyana halin mai tsoron bisa a bayan sitiyari. Ranar farko da aka ɗora mata, wuyanta sandarewa yake yi. Ta ƙanƙame tulun da hannu biyu, ta riƙe numfashi, tana ɗaga ido tana son ganin ruwan. Sai kuwa ruwan ya fara tangal-tangal, ya zubo mata a fuska. Yayarta da ke gabanta kuma tafe take tana hira, hannuwanta a sake, tulun bai ko motsa ba. Nauyin ɗaya ne a kansu. Abin da babbar ta koya shi ne barin wuya da ƙugu su yi laushi, su bi motsin ruwan su kwantar da shi, maimakon su yi dambe da shi.

Haka hannun direba yake. Idan tsoro ya zo, sai ya damƙe sitiyari har jijiyoyinsa su fito, kafaɗunsa su haɗe da kunnuwa. Hannun da ya sandare ba ya iya ɗan gyaran nan mai taushi da kwana ke bukata, sai dai fizga. Ya fizga hagu, ya ga ya yi yawa, ya fizgo dama, motar ta fara tangaɗi a daidai inda bai kamata ba. Tsoron da kansa bai taɓa jefa mota rami ba. Sandarewar da yake haifarwa ita ce abin gudu.

Sai maganar ido, wadda ta fi komai. Uwa kan ce wa 'yarta, "Ke, daina kallon tulun, dubi gabanki." Jikin mutum yana gane tsayuwarsa ta hanya uku: abin da ido ke gani, abin da ke can cikin kunne mai auna daidaito, da abin da gaɓoɓi ke ji. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya ido na kama abubuwan da ke kusa, bango ko itace ko gefen titi, ya auna motsin jiki da su. A bakin kwazazzabo kuwa abin da ya fi kusa ya yi nisa ƙwarai, ido ya rasa abin kamawa, saƙonsa ya saɓa da na kunne, daga nan jiri ya taso. Ga kuma wani abu da malaman tuƙi da na babur suka daɗe da sani: inda ido ya kafe, can hannu ke kai mota. Mai kallon rami a hankali yake karkata wajen rami ba tare da ya sani ba. Don haka maganin ba runtse ido ba ne, a ba ido aikin yi ne. Ya kalli tsakiyar hannunsa na titi, ya kalli inda kwanar za ta ƙare, ya kalli bayan motar da ke gaba daga nesa. Kyawun tsaunukan nan, da korayen tuddai da shanun Fulani a kansu, yana nan yana jiransa a sama inda zai iya tsayawa ya kalla har ya ƙoshi.

Mata kan tsinko ganye su jefa a kan ruwan da suka ɗebo a daro don ya rage fantsama. Ganyen ba ya rage nauyi ko kaɗan, yana dai karya igiyar ruwan tun tana ƙarama. Direba ma yana da nasa ganyen. Fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙarsa tsawo, yana sassauta bugun zuciya. Haɗiye miyau yana buɗe kunnen da ya toshe saboda sauyin iska. Ga Musulmi kuma akwai abin da aka gada tun zamanin sahabbai, kabbara a lokacin hawa da tasbihi a lokacin gangara, kuma harshen da ke wannan aiki ba ya barin ƙirji ya ƙulle. Fasinja ma suna da hannu a nan, kuma ina ganin ba a cika faɗa musu ba. Mai zabura yana salati da ƙarfi a kowace kwana, ko mai cewa "Kai, direba, dubi zurfin wajen nan!", daidai yake da yaron da ke tsokanar mai ɗauke da tulu. Wanda ke gidan gaba, idan yana son taimakawa, ya yi magana a natse: "Malam, a hankali muke, babu mai sauri."

Babu mai ɗora tulu ba gammo. Gammon wannan hanya a ƙasa ake naɗa shi, tun kafin a fara hawa: a duba birki da mansa, a duba ruwan lagireto, a duba taya. Inji yana rage ƙarfi yayin da ake yin sama, domin iska na yin sirara, don haka motar da aka yi wa lodi fiye da kima za ta yi nishi a inda direba ya fi bukatar ta amsa masa. A kuma zaɓi lokaci. Damina a Mambila doguwa ce, gajimare kan sauko ya kwanta a kan titi, kwalta ta yi santsi. Mai tsoron bisa da ya riga ya yi tuƙin wuni guda bai kamata ya tunkari hawan da magariba ba. Kwana a Serti ya tashi da safe ya fi masa.

Duk mai ɗiban ruwa ta san cewa saukewa ta fi ɗauka wuya, a nan ake fasa tulu. Dawowa daga Gembu ma haka take. A hawa dutse ne a gaban gilashi, a gangara kuwa sarari ne buɗe, kwarin gaba ɗaya a idonka. Abin da tsoro ke umarta shi ne a ɗora ƙafa a kan birki kada a ɗaga, kuma wannan umarnin ne ke kashe mutane. Birkin da aka danne tsawon gangara zafi yake yi, kamunsa ya ragu, man birki ma yana iya tafasa, sai a taka a ji ƙafa ta nutse babu komai. Tsofaffin direbobin manyan motoci suna da ƙa'ida: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. A sa lamba biyu, ko ɗaya inda gangarar ta yi tsanani, a bar inji ya riƙe motar, birki kuma a taka shi sosai na ɗan lokaci a sake shi ya huce. Mota mai canja giya da kanta ma tana da ƙananan giyoyin da ake zaɓa da hannu don wannan. Sa mota a firi don tsimin mai a irin wannan wuri ganganci ne da rayukan mutane. A danna oda kafin kwanar da ba a ganin bayanta, a ba mai hawa hanya, kada a wuce kowa a kwana komai jinkirinsa.

Yarinya idan ta iso gida takan tsaya a bakin randa ta ce, "Inna, sauke ni," kuma ba wanda ya taɓa ganin abin kunya a ciki. Maza a bayan sitiyari su ne ke jin nauyin wannan kalma. Mutum zai gwammace ya hau da hannu na rawa, iyalinsa a baya, da a ce ya miƙa makulli ga wanda ya san hanya. Alhali akwai direbobin da wannan hawan shi ne aikinsu na kullum, sun san kowace kwana da halinta. Wanda kuma yake son ya iya da kansa, da ƙaramin tulu ake farawa: ya fara zuwa a matsayin fasinja, ya gwada ƙananan hawa irin na hanyar Jos, ya ƙara da kaɗan kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa ma da irin wannan sabo na mataki mataki suke magance tsananin tsoron bisa, kuma yana aiki.

Hanyar nan ba ta 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba ce. Ta nan ganyen shayin Kakara ke saukowa, ta nan shanun Nguroje ke zuwa kasuwa, ta nan ɗalibai da ma'aikata da marasa lafiya na ƙaramar hukumar Sardauna ke kai da komo, masu tsoro da marasa tsoro. Shi ya sa shingen ƙarfe a bakin kwana da farin layi a gefen kwalta suke da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Shingen yana tare motar da ta ƙwace, amma tun kafin a kai ga haka yana ba idon direba abu na kusa da zai kama, jirin ya lafa. Duk inda ya karye ko fentin ya goge a tsakanin Mayo Selbe da Maisamari, gyaransa ya cancanci a sa shi a gaba kafin damina ta sauka.