Maki Nawa Ne Zai Kai Ka Jami'a?

Duk shekara, da zarar JAMB ta saki sakamako, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin 'yan aji shida: "Na ci 210, zan samu?" Mu ma ita ake yawan yi mana, kuma amsarmu takan fara da wata tambayar: wane kwas ka cike, a wace jami'a?

Bari mu fara da yawan masu nema. A 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna jarabawar UTME, kuma a sakamakon da aka fara fitarwa, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba cikin 400. Ke nan wanda ya haura 200 ya riga ya wuce mafi yawan 'yan uwansa. Sai dai wannan bai ba shi gurbi ba tukuna.

A shekarar, mafi ƙarancin makin da aka amince jami'a ta ɗauki ɗalibi da shi 150 ne. Nan ne da yawa ke ruɗewa. Wannan lambar ƙofar gida ce kawai, ba ta kai mutum ɗaki. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, wasu zuwa 180, wasu 200. Bayan haka kowane sashe yana da iyakar ɗaliban da zai iya ɗauka, sai a jero masu nema daga sama zuwa ƙasa, a yanke inda gurabe suka ƙare. A likitanci ma, hukumar kula da aikin likita ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta horar, don haka ko shugaban jami'a ba shi da damar ƙara kujeru yadda ya ga dama. Ɗalibai biyu za su iya cin 230, wanda ya nemi likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ya rasa, wanda ya nemi aikin gona a jami'ar ya samu tun a jerin farko.

Akwai kuma wani rabo da ba kowa ya sani ba. A jami'o'in gwamnatin tarayya, idan sashe yana da gurabe 100, 45 na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga wace jiha suka fito. Sai 35 na 'yan jihohin da aka ware wa jami'ar a matsayin yankinta. Ragowar 20 na jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimin boko ne, irin su Jigawa, Yobe, Zamfara, Ebonyi da Bayelsa. Don haka ɗan Kano da ya zaɓi Jami'ar Bayero yana da ƙofa fiye da ɗaya. Jami'o'in jihohi kuwa sun fi ba 'yan jiharsu fifiko, kuma muna ganin kuskure ne ɗalibi ya raina ta jiharsa don kawai sunanta bai kai na wata ƙara ba.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne masu maki mai kyau da ke faɗuwa a kan abin da ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa, sai kula. Darussa huɗu ake rubutawa a UTME, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin ne ke zaɓar maka su. Likitanci yana son Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Injiniya yana son Lissafi, Fizis da Kemistiri. Mai son zama lauya yana buƙatar Adabin Turanci. Wanda ya bar mai shagon kwamfuta ya cike masa darussa yadda ya ga dama, ko ya ci 300 zai iya tashi a tutar babu. A karanta littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB kafin a yi rajista, yana nan a shafinta na intanet. Kuma a tanadi lambar NIN da wuri, domin tun 2021 ba a rajista sai da ita.

Sannan ga sakamakon WAEC, NECO ko NABTEB: kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi a mafi yawan kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu. Wasu jami'o'in ba sa karɓar zama biyu a kwas irin likitanci. Jami'o'i da yawa kuma suna yin tasu tantancewar, su haɗa makinta da na JAMB, wasu su ƙara da darajar kiredit ɗin. Ke nan A1 da C6 ba ɗaya ba ne, ko da yake dukansu ci ne.

Tun 2017 ake ba da gurbi ta manhajar CAPS. Dole ɗalibi ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora masa sakamakonsa na sakandare, in ba haka ba jami'a ba za ta iya gabatar da sunansa ba. Idan gurbi ya fito, shi ne zai shiga ya danna cewa ya karɓa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo maka gurbi ta bayan fage, ka guje shi, domin gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalar takan fito ne lokacin tafiya bautar ƙasa, bayan an sha wahalar shekara huɗu.

To, wanda makinsa ya gaza fa? JAMB tana ba da damar canza kwas ko makaranta bayan fitowar sakamako, kuma wanda ya yi da wuri ya fi morewa. Akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda ya ci da kyau yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Haka ma mai difloma ta ƙasa daga kwalejin kimiyya da fasaha ko mai NCE, idan sakamakonsa ya kai abin da jami'ar ta nema. Su ma sai sun sayi fom ɗin shiga kai tsaye daga JAMB, kuma sunansu ta CAPS zai fito kamar na kowa.